Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce

Bodinga,
Jihar Sakkwato.
Cikin watan Safar.

Zuwa ga ɗana Na'Allah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na kasuwar albasa a can Legas. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gari, ya sa albarka a cikin nemanka, ya nisanta bakinka daga abin da ba naka ba. Ina fata kana riƙe da salla a kan lokacinta, domin na san halin kasuwa, takan cinye wa mutum azahar ta haɗa da la'asar yana tsaye yana ciniki. Wanda ya saki salla don ya riƙe ciniki, duka biyun zai rasa. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai bar muku gidan bene ba, wannan ya bar muku, kuma ita zan fara tambayarka duk ranar da ka dawo, kafin in dubi tsaraba.

Mu nan muna lafiya gwargwado, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau. Geron gonarmu ta Danchadi ya kai wuyan mutum, mijin ƙanwarka Hasiya ne ke duba mana ita, kuma bai yi ha'inci ba. Ita Hasiya takan leƙo in ta samu mai kawo ta a babur, amma hanyar ta ɓaci da ruwa, ga aikin gidanta. Gwiwata ta hagu tana nan yadda ka bar ta, in hadari zai haɗu ita ke fara sanar da ni. Katangar bayan gida ta ɗan zube, an tare wurin da zana kafin rani. Zauren Malam mahaifinka yana nan a share, ni ke share shi, ko da yake tun da ya rasu ba mai zama a ciki sai kajin maƙwabta in ruwa ya koro su. Gidan da a da sai na ɗaga murya kafin a ji ni, yau in cokali ya faɗi a madafa ana jin sa har ƙofar gida. Mu uku ne a ciki, ni da matarka Munira da ɗanka Malami, kuma a cikinmu shi kaɗai ke da murya.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Dalilina biyu ne. Na farko, kai a waya ba ka saurare. Ina fara magana sai ka shiga cewa to Inna, to Inna, ina jin hayaniyar 'yan dako a bayanka, kafin in kai tsakiyar zance ka ce ga mota ta iso. Na biyu, Munira tana kusa da ni dare da rana, kuma abin da zan faɗa ba na son ta ji ana tattauna shi a kanta kamar ana cinikin akuya. Makarantar da ubana ya sa ni ba ta tafi a banza ba, hannuna yana iya riƙe biro har yanzu. Yahaya direba zai kawo maka ita da lodin wannan mako. Kada ka buɗe ta a tsakiyar abokanka. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, sannan ka sake daga farko.

Maganar Munira ce. A wayar da muka yi ta ƙarshe na ce maka ina son in kai ta Sakkwato wurin likitan da ke duba masu ciwon damuwa, ka ce ba ka yarda ba. Ka ce ba wanda zai kai maka mata inda ake kai mahaukata, lafiyarta lau, kunyar ɗan fari ce kawai take yi kamar yadda kowa ya shaida ranar suna. Ka ƙara da cewa in ma akwai wani abu to raini ne, tunda kana kira ba ta ɗauka, in ta ɗauka ba ta cewa komai sai lafiya lau, kuma in ta gaji da zaman ne ta fito ta faɗa. Ban amsa maka a lokacin ba, don raina ya ɓaci, kuma ba na son in yi wa ɗana magana da ɓacin rai. Yanzu raina a kwance yake. Zan ɗauko maka zancen daga tushe, domin kai baƙo ne a gidan nan, kakan zo ka kwana kaɗan ka koma, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin bai fara da haihuwa ba. Tun cikin yana ƙarami yarinyar nan ta sauya. Ka san yadda aka kawo ta, mai yawan dariya, har nakan tsawata mata cewa matar aure ba ta ƙyalƙyala dariya a ji ta a waje. Da cikin ya fara nauyi sai tsoro ya shige ta. Ta ce mini tana ji a jikinta ba za ta tashi daga wannan haihuwa ba. In ta ji an yi rasuwa a unguwa sai ta tambaya ko mace ce, ko wurin haihuwa ne. Gabanta ya riƙa faɗuwa ba dalili, tana zaune sai ta dafe ƙirji, zufa ta keto mata, ta ce numfashinta zai ɗauke. In ɗan ya yi motsi ta tsorata, in ya yi shiru ta fi tsorata. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, har da matar da sau ɗaya suka taɓa gaisawa. Na ce mata ta bar wannan, rai a hannun Allah yake, kuma mata nawa suka haihu kafin ita. Duk wadda na gaya wa sai ta ce cikin fari ne, haka yake, in ta sauka zai wuce. Da haka aka kai ta Shagari goyon ciki, gidan mahaifiyarta Hajiya Hadiza.

Allah ya sauke ta lafiya, kuma ka zo suna, ka ga abin da kowa ya gani. Yaro ɗan fari ne, ga shi kuma ka sa masa sunan mahaifinka, kunya biyu ke nan a kan uwa ɗaya. Munira ta zauna a ƙuryar ɗaki ta ja mayafi har goshi. Aka miƙa mata yaron ta kau da kai. Ya yi kuka ba ta motsa ba, sai da goggonninta suka yi ta lallashi, suka ɗora mata shi, ta ba shi nono tana kallon bango. Mata suka yi ta guɗa. Wata tsohuwa daga Mandera ta ce rabonta da ganin kara irin wannan tun tana budurwa, ta ce 'yan matan yanzu tun a gadon asibiti suke ɗaukar hoto da jariri suna kiransa da suna a gaban uwayensu, amma ga ɗiyar gidan mutunci. Hajiya Hadiza ta yi ta kai da kawo a tsakar gida, bakinta har kunne, tana cewa haka ta reni ɗiyanta. Ni ma na ji daɗi, don ni ba na cikin masu cewa kunya ta tsufa. Kai kuma aka yi ta yi maka barka da samun mata mai tarbiyya, ka koma Legas da wannan yabo a kunnenka, kuma na lura har yau shi kake ji.

Ta yi wankan biƙinta a can, ta sha kunun kanwa, aka yi arba'in, aka dawo mini da ita da gara. Na zaci za a kawo mini mai biƙi ta yi ƙiba tana sheƙi, sai aka sauke mini yarinya wuya duk ƙashi. 'Yan rakiya suka ce ai kunya ce ta hana ta ci a gaban mutane. Suka tafi, gida ya rage mu kaɗai. Sai kwanaki suka yi ta wucewa, ba abin da ya sauya. Tuwo in na aika mata yadda ya shiga haka yake fitowa. Kitson suna ne a kanta har ya tsufa ya cukurkuɗe. Da safe takan zo ta durƙusa ta gaishe ni, idanunta jajur irin na wadda ba ta runtsa ba, ta koma. Ni ke yi wa yaro wanka, ni ke goya shi, da wannan gwiwar. Na kira ta na yi mata faɗa sosai, na ce kunya daban, lalaci daban, gidan nan ba a kwana da wanke-wanke. Ba ta musa ba, ba ta kumbura fuska ba. Ta ce in yi haƙuri, gaskiyata ce, ita ba ta da amfani. Na yi shekaru ina yi wa yara faɗa, na san fuskar mai taurin kai, na san ta mai jin haushi. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Kamar wadda na faɗa mata abin da ta daɗe tana faɗa wa kanta.

Yanzu ka buɗe kunnenka, domin zan gaya maka abin da maza ba su sani ba game da kunyar ɗan fari, kuma ni na isa in faɗa, tunda kai ne nawa. Har yau ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, kuma ba zan fara ba. Lokacin da kake jariri, in kakarka tana tsakar gida ko kallon inda kake ba na yi. Amma kunya don idon mutane ake yin ta. Tana tsayawa a bakin ƙofa. Da zarar kakarka ta fita unguwa, ni da kai ne a ɗaki, nakan ƙirga yatsunka, in shinshina wuyanka, in yi maka waƙar da ba wanda ya taɓa ji. In na ji motsin takalminta sai in ajiye ka in ɗaure fuska. Ita ma ta sani, shi ya sa takan yi tari tun daga zaure. Kowace mace da ta yi kara ta san wannan satar. Mai kunya tana fama ne da son da ya yi mata yawa, tana danne shi kamar mai riƙe murfin tukunya tana tafasa, kuma in ka lura da kyau za ka ga tururi yana fita ta gefe.

To ni na yi ta neman tururin nan a wurin Munira ban gani ba. Wata rana da hantsi na ce mata zan je gaisuwar rasuwa a bayan masallaci, zan daɗe. Na kwantar mata da Malami a gado, na fita, na ja ƙofar gida da ƙarfi don ta ji. Na yi haka ne don in ba ta wuri, kamar yadda aka ba ni. Ban yi nisa ba hadari ya taso, na juyo don in kwashe shanya. Tun daga zaure nake jin kukan yaron. Ban yi tari ba. Na zagaya ta taga na leƙa. Yana kan gado yana ta wutsil-wutsil har muryarsa ta dishe. Ita kuwa tana zaune a ƙasa nesa da shi, ta jingina da bango, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, hawaye na zuba, ba ta ko sharewa. Ba kowa a gidan. Ba ni, ba uwarta, ba tsohuwar Mandera. Sai ka gaya mini, Na'Allah, kunyar wa take ji?

Samun magana daga bakinta bai zo da sauƙi ba, domin tsakanina da ita ma akwai kunya, kuma ni ba mace ba ce mai jan yara a jiki, ka sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari bayan la'asar na ɗauko zogale na ce ta zo ta taya ni tsinka. Muka zauna gefe da gefe, ba na kallonta, ba ta kallona. Na ce mata yau ta ɗauka ba uwar mijinta ke zaune nan ba, wata tsohuwa ce da aka haɗu da ita a mota, wadda ba za a sake gani ba. Mun kusa gama tsinka kafin ta buɗe baki. Ta ce tun ranar da aka nuna mata yaron take jiran ta ji abin da uwaye ke ji, bai zo ba, ƙirjinta kamar an kwashe kayan ciki an bar rufin. Ta ce in ta ɗauke shi sai ta riƙa ganin ya suɓuce mata ya faɗi, ko ta danne shi a barci, shi ya sa take zama a kan hannayenta. Ta ce ranar suna da ana yi mata guɗa ji ta yi kamar ta tashi ta ce ƙarya ne, amma ta ga fuskar uwarta ta kasa. Ta ce tabbas Allah yana fushi da ita, don ya ba ta abin da wasu ke kuka suna nema ta kasa godiya. Da na tambaye ta wayarka, ta ce in ta ga sunanka sai gabanta ya faɗi, don ta san za ka tambaye ta yaro cikin murna, ita kuma ba ta da murnar da za ta mayar maka, kuma tana tsoron ka gane a muryarta. Wannan shi ne rainin da kake faɗa.

Ban zauna ba. Na je wurin limamin unguwarmu, abokin mahaifinka, ya yi mata tofi, ya ba da rubutu, tana sha, kuma muna kan addu'a. Shi da bakinsa ya ce mini a haɗa da asibiti, domin wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai kuma ce a wuri ɗaya kawai ya ajiye shi ba. Ranar da na kai Malami rigakafi na keɓe da malamar asibiti, wata A'isha da aka turo nan aiki, na zayyana mata komai. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ciwo ne sananne, ciwon damuwa da fargaba da ke kama wasu mata a lokacin ciki ko bayan haihuwa, ba ya zaɓen mai ilimi ko mara shi, mai imani ko mai rauninsa. Ta ce ba laifin mace ba ne, kuma ana warkewa, wasu da zama da mai ba da shawara, wasu har da magani, akwai ma wanda mai shayarwa ke iya sha in likita ya duba ya zaɓa. Amma ta ce yadda na kwatanta na Munira ya wuce a zauna jira, a kai ta Sakkwato. Ta biyo ni gida bayan ta tashi aiki, ta zauna da ita. Munira ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita ba za ta taka ƙofar gida ba sai da izinin mijinta, zunubin da ke kanta ya ishe ta, ba za ta ƙara da fita ba izini ba.

Na ce bari in nemi uwarta, ko nauyin ya rabu biyu. Na bar Hasiya a gidan, na shiga mota zuwa Shagari. Hajiya Hadiza ta karɓe ni da fura da fara'a, har na faɗi abin da ya kawo ni. Nan take fuskarta ta rufe. Ta ce su kaf zuri'arsu ba hauka, ɗiyarta da Shagari duka ta yaba ba za a zo a laƙa mata ciwo ba. Ta ce ko dai aiki ya yi mata yawa a Bodinga ne. Na haɗiye wannan, don ba faɗa ya kai ni ba. Ta rage murya ta ce in tuna Munira tana da ƙanne biyu a ɗaki, in maganar nan ta fita wa zai zo neman aurensu. Na ce mata ni ban zo da maganar waɗanda ke ɗaki ba, na zo da maganar wadda ke hannuna. Ba mu rabu da daɗi ba. Amma da ta rako ni bakin titi, mota ta tsaya, sai ta tura mini ɗan kwanon man shanu a jaka, ta ce Munira tana son sa a tuwo tun tana yarinya, in gwada ko za ta ci. Ta juya da sauri tana gyara mayafi. Uwa ce, ta sani, tsoro ne ya fi ƙarfinta. Na dawo ni kaɗai a kujerar baya, ina kallon gonaki har Bodinga, ina tunanin da Malam yana da rai da kalma ɗaya zai yi a gama. Ba ni da wanda zan mayar wa da zance in na shiga gida. Man shanun ma ta taɓa kaɗan ta bari.

Kai ma tsoron ne ke damunka, kada ka sa masa rigar kishin iyali. Kana tsoron a ce matar Na'Allah an kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, maganar ta bi motar albasa ta iske ka a Legas. To ina tambayarka, mutanen nan da kake jin nauyin bakinsu, wa ya zo ya ɗauki yaron nan sau ɗaya don ta samu barci? Da ƙafa ta karye da ka ce a ɓoye ta a ɗaki kada a ce matarka gurguwa ce? Aure ba aiko da kuɗin cefane ba ne kawai. Amana ce aka ɗauko daga gidan wasu aka damƙa maka a gaban shaidu, kuma za a tambaye ka ita a inda ba ɗan kasuwa ko ɗaya da zai tsaya maka. Yarinyar nan ta shiga wannan hali ne wurin haifa maka ɗa. Namijin da ya fi jin kunyar mutane a kan jin tsoron Allah bai gama zama namiji ba, ko da gemunsa ya kai ƙirji. Ban haife ka don ka zama irinsu ba.

Akwai abin da ban gaya maka a waya ba, yanzu dole in faɗa. Zuwan Hasiya na baya-bayan nan, Munira ta buɗe akwatinta ta fito da atamfofinta na lefe waɗanda ko ɗinkawa ba ta yi ba, ta ce Hasiya ta ɗauka, ita ba za ta sa su ba. Sannan ta roƙe ta, in wani abu ya faru, ta riƙe Malami, don zai fi samun uwa a wurinta. Hasiya ta fito ta gaya mini. Bayan wannan, da rana tsaka, na fito daga banɗaki na iske ta tsaye a bakin rijiya, ba guga a hannunta. Na kira ta, sai da na maimaita kafin ta waiwayo, ta ce ruwa take dubawa ko ya ƙaru. A ranar na aika aka kira Shamsuddeen kafinta ya yi wa rijiyar murfin katako ya sa kwaɗo. Na ce wa maƙwabta saboda yaro ne, ya kusa rarrafe, alhali ko zama bai fara ba. Makullin yana ɗaure a haɓar zanena. Na koma na gaya wa malama A'isha, ta ce kada a bar ta ita kaɗai, kuma tafiyar nan ba ta jiran kaka. Tun daga ranar na dawo da shimfiɗarta ɗakina. Na daina zuwa Islamiyya, na daina zuwa suna da gaisuwa, har ana cewa Halimatu ta yi girman kai. Salla ma ƙofa a buɗe nake yi, kunnena ɗaya yana tsakar gida, Allah ya yafe mini. Ni tsohuwa ce, idona biyu ne kawai, kuma suna gajiya.

Ina da ikon in sa ta a mota ko ka so ko ka ƙi, kuma in na ga abin zai fi ƙarfina wallahi zan yi, in ya so ka yi fushi da ni. Amma in ta tafi a haka za ta tafi ne tana ganin ta saɓa wa mijinta, ta ƙara dutse a kan kayan da suka riga suka danne ta. Shi ya sa nake neman kalmar daga bakinka. Ga abin da za ka yi ranar da takardar nan ta shiga hannunka. Ka kira wayata, ni zan kai mata har kunne. Kada ka tambaye ta me ke damunta, kada ka ce ta yi haƙuri ta gode wa Allah, ta ji wannan har ya ishe ta. Ka ce mata ka ji komai, ba ka fushi, ba laifinta ba ne, kuma ka yarda ta bi Inna asibiti. In ta yi shiru kada ka kashe, ka zauna a kan layin, shirun ma ka saurare shi. Bayan haka ka nemi wanda zai riƙe maka rumfa ka taho gida, albasa ba ta ƙarewa a duniya. Akwai kalmar da uwa ke faɗa wa ɗan da ya ƙi jin maganarta, ka san ta. Ban taɓa faɗa maka ita ba ko a cikin zuciyata. Kada ka sa in koye ta da tsufana.

Ka gaishe mini da kawunka Sulaimanu a Agege da matarsa Amina da yara, ka ce na ji saƙon maganin gwiwa, Allah ya saka. Ka gaishe da Bilyaminu abokin ɗakinka, ka ce uwarsa tana lafiya, na gan ta daga nesa. Ka yi wa Yahaya godiya, bai san abin da ya ɗauko ba, kuma ba sai ya sani ba. Hasiya da mijinta suna gaishe ka. Liman yana sa maka albarka. Malami ya fara gane fuska, goshin mahaifinka ne sak. Na tambayi Munira ko tana da saƙo, ta ce in ce tana ba ka haƙuri. Ban san na wane laifi ba, ita ma ba ta sani ba.

Mayafinta na fita na wanke shi da hannuna, na goge, na rataye a bakin ƙofa. Ta tambaye ni ina za mu. Na ce mata sai mai gidanta ya faɗa.

Allah ya yi maka albarka, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta.

Ni ce mahaifiyarka,
Halimatu Idris, Bodinga.